Wane yare ne ya fi daɗi a kunne? Muhawarar 'yan Zangon Kumasi

Maman Hafsat, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, don Allah kowa ya faɗi abin da ke ransa. Daren jiya an ɗauke wuta, zafi ya koro mu tsakar gida, kowa da tabarmarsa. Gidanmu na haya ne, kun san irin gidajen Aboabo, ɗaki na kallon ɗaki. Ina kwance ina jin maƙwabciyata tana yi wa ɗanta faɗa da Dagbanci, samari biyu a bakin famfo suna musun ƙwallo da Tonanci, wato Twi, yaren Tonawa mutanen Ashanti, Bazabarmen da ke ɗakin ƙofa yana waya da mutanen garinsu, can ƙurya kuma Inna mai fura tana lallashin jikanta da Fulatanci. Sai Hafsat ta ce min, “Mama, duk a cikinsu wanne ya fi daɗi?” Ban tsaya dogon tunani ba na ce Fulatanci. Kuma ni ba na jin Fulatanci, in ban da jam waali da jam tan da kosam. Amma in Inna ta buɗe baki sai in ji kamar ana tsiyaya nono a ƙwarya sannu a hankali, ba gaggawa, ba kaushi. Har yaron ya yi barci ban so ta yi shiru ba. To ku fa, wane yare ne in kun ji shi kuke tsayawa ku saurara ko da ba ku san me ake faɗa ba?

Malam na Asawase:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai wannan ba ta kai a yi musu ba, Larabci ne. Ba don ni malamin allo ba ne kawai. Ki saurari makarancin da ya san tajwidi, ki ji inda yake jan madda, inda yake riƙe gunna a hanci, inda haruffan ƙalƙala biyar ɗin nan suke girgiza a ƙarshen aya. Harafin ladi kaɗai ya isa, har Larabawa ke kiran harshensu da sunansa. Mu da muka taso da ƙira'ar Warshu a makarantar allo muna da namu zaƙin, yaran yanzu kuma Hafsu suka fi ji a waya. Mahaifina yana da tsohon kaset na Shehu Abdul Basiɗ na Masar, in ya sa shi bayan asuba ko kajin gidanmu sai ka ga kamar sun natsu.

Ɗan Zango a Italiya:
Allah gafarta Malam, ina neman izini in ɗan saɓa muku. Alƙur'ani daban ne, ba a sa shi a layi da komai. Amma Larabcin baki wani abu ne. Na yi shekara biyu ina aikin gini a Libiya kafin in haye. Larabcin da na ji a can na tsawa ne da umarni, “yalla, yalla” daga safe har rana ta faɗi, wani lokaci kuma a hana ka kuɗin aikinka da wannan harshen. Har yau in na ji irin wannan muryar gabana faɗuwa yake. To shin Larabcin ne ba daɗi, ko bakin da na ji shi? Ni na kasa raba su.

Malam na Asawase:
Ɗana, Allah ya saka maka abin da aka cinye maka. Maganarka gaskiya ce, na karɓa. Mu cire karatun Alƙur'ani daga gasar, ya fi ƙarfinta. Kuma tun da an zo nan bari in tuna mana aya ta 22 a Suratur Rum, inda Allah ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa. Saboda haka kowa ya yabi wanda yake so, amma kada a kushe na wani.

Ɗan Zango a Italiya:
Amin Malam, na gode. Ni dai zaɓina Italiyanci, kuma ina da dalili. Kusan kowace kalmarsu da wasali take ƙarewa, kamar Hausa. Sannan suna ninka baƙi yadda muke yi. In sun ce mamma ko latte, sai su danna harafin tsakiya kamar yadda muke cewa babba ko hannu. Shi ya sa Bahaushe ba ya wahala da lafazinsu. Akwai wata tsohuwa a benen da nake, in tana kiran jikarta daga taga sai ka rantse waƙa take rerawa.

Hajiya Mai Goro, Kejetiya:
Ku duk kun tsallake teku kun bar abin da ke ƙofar gidanku. A Kumasi aka haife ni, a nan na yi jikoki, kuma ina gaya muku ba ku san Tonanci ba in dai na cikin tirotiro, motocin hayar nan, da na ciniki kawai kuke ji. Wannan Tonancin kasuwa ne, kamar a ce wani ya auna Hausa da abin da 'yan kamasho ke faɗa a tasha.

Ku je Manhyia, fadar sarkin Ashanti, ranar bikin Akwasidae, wadda ke zagayowa duk mako shida, ranar Lahadi. Ku tsaya ku ji okyeame, mai magana da yawun sarki. Otumfuo, wato shi sarkin, ba ya ɗaga murya ga jama'a kai tsaye, shi okyeame ne zai ɗauki maganar ya yi mata ado da karin magana, ya ɗaga ya sauke, ya tsaya inda ya kamata, jama'a su amsa. Ga kuma atumpan, ganguna biyu, ɗaya namiji mai kauri, ɗaya mace mai siririyar murya. Magana suke yi, ba kiɗa kawai ba, domin Tonanci yare ne mai hawa da sauka, gangunan na bin sa sau da ƙafa. Tsofaffinsu na jin abin da ganga ta ce kamar yadda namu ke jin kalangu.

Amma abin da ya fi kama ni daban ne. Maƙwabciyata a rumfa, Batoniya, mun yi shekara fiye da ashirin muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ita tana sayar da atamfa ni ina sayar da goro. Da mahaifiyarta ta rasu na je gaisuwa ranar Asabar, duk sun sha ja da baƙi. Ta fito tsakar gida ta fara kukan makoki irin nasu, tana kiran sunayen kakannin uwar ɗaya bayan ɗaya, da garin da kowa ya fito, tana tambayar uwar wa ta bar wa su. Mata na amsawa, “due, due.” Wallahi ban san lokacin da mayafina ya jiƙe ba. Ni da nake jin yaren tun ina goye, ranar ce na fara jin nauyinsa.

Maman Hafsat, Aboabo:
Hajiya, kun sa tsigar jikina ta tashi. Ni ma na taɓa jin irin kukan nan daga nesa, ban taɓa matsawa kusa ba.

Alhaji Direba:
Salamu alaikum. Ni ɗan hanya ne, bari in ba ku na hanya. Daga nan in na ɗauki kaya sai Tamale, Bolga, Paga, Wagadugu, Yamai, har Galmi in ɗauko albasa. A tafiya ɗaya kunnena na shan yare ya fi bakwai. Wanda ya fi kwanta min shi ne gaisuwar Dagombawa. Da sassafe a Tamale za ka ga yarinya ta rusuna ta ce “dasiba,” dattijo ya amsa “naa,” ya ja ta har sai ta yi tsawo. Ta sake tambaya, ya sake “naa.” Sai su yi ta yi, kai da ke gefe ka ji hankalinka ya kwanta. Na biyu Zabarmanci. “Mate ni kani?” “Baani samay.” Gajere ne, mai taushi, kuma kalmar fofo ɗin nan tasu ta gaisuwa da godiya ba ta da ƙaya ko ɗaya.

Faransanci kuwa kowa na yabonsa, amma ni a bakin shinge na san shi, ana neman takardun mota da tsakar rana. Sai wani dare a Wagadugu ina kwance ƙarƙashin mota na kama wata tasha, wata mata na karanta labarai. Ban gane komai ba sai sunayen garuruwa, amma na saurara har ta gama. Ranar na yarda da masu cewa yana da daɗi.

Yarinyar Fadama, Ankara:
Ina gaida iyayena da yayyena. Mu na Ankara, babban birnin Gana, a bar mu mu sa baki? Ni Indiyanci ne, ba na ɓoyewa. Tun ina ƙarama kakata ke zaunar da mu kallon finafinansu, ba ta jin ko kalma amma ta san inda za ta share hawaye. Daga baya na lura akwai kalmomin da muke tarayya da su, irin su duniya da dua, ashe ta hanyar Larabci suka iso gare mu da su duka. Da aka fara juya wasanninsu zuwa Tonanci a talabijin kowa ya ji daɗi don an gane labarin, amma ni sai na ji an cire wa miyar gishiri. Muryar nake so.

Kuma kada a manta da yaren Ewe. Kawata a makaranta in ta ce “woezɔ” ko “akpe,” wannan kp da gb ɗin da ke fitowa lokaci ɗaya daga leɓe da maƙogwaro, na yi wata guda ina gwadawa kafin ya fito daidai.

Bakano a Kumasi:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya ce Hausa, shiru. Ni shekarata uku a garin nan ina karatu. Hausa ta fi duk waɗanda kuka lissafa, amma ku yi haƙuri, Hausar Kano nake nufi. Ta nan Zango ta sha ruwa da yawa. Ranar da na sauka na ji ana cewa “matata ya zo,” na juya ina neman namijin. Kyau ta koma cau, gyara ta koma jara, ƙ da ɗ sun gudu. Ta yaya za a ji zaƙin harshe an zubar da rabin kayan miyarsa?

Ɗan Sabon Zango:
Malam Bakano, a yi hattara. Baƙo kake, mun karɓe ka hannu biyu, kada ka zo har gida ka ce tuwon uwarmu ba daɗi.

Hajiya Mai Goro, Kejetiya:
Ɗan Sabon Zango, bar shi, yaro ne, bari in yi masa bayani. Ɗana Bakano, zo ka zauna. Hausar da ka ji a bakinmu da ƙafa ta zo. Kakannin kakanninmu fatake ne, suka bi hanyar Gwanja da jakuna suna kawo kanwa da tufafi da fata, suna komawa da goro daga kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892 mutane suka bazu, wasu Kete Karachi ta nan Gana, wasu nan Kumasi, wasu Ankara. A Zango suka haɗu da Mosawa da Dagombawa da Wangarawa da Kotokoli da Zabarmawa da Yarbawa, aka yi auratayya, kuma Hausa ce ta zama yaren da kowa ke ji. Yaren da ya ɗauki baƙi haka dole ya sassauta ɗamara. Tonanci da Dagbanci ba su raba ya da ta, shi ya sa ta faɗi a hanya. Ca ɗin da kake ji a cau kuwa, dubi yadda Tonawa ke rubuta waakye su furta waace, ka ga inda ta samo asali.

Kuma ita waakye ɗin ai wakenmu ne, daga shinkafa da wake. Koko da koose da duk Gana ke karya kumallo da su, kokonmu ne da ƙosanmu. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Kayayei da ke dako a Kejetiya, rabin sunansu kaya ne na Hausa, rabin na yaren Ga. Hausar da ka ce ta sha ruwa ita ta ciyar da ƙasa guda kalmomi. Uwata da wannan Hausar ta yi min addu'a ranar da za a kai ni ɗakin miji, “Allah shi ba ka haƙuri,” ka ta ce min, ba ki ba, kuma ban taɓa jin magana mai daɗinta ba.

Malam na Asawase:
Hajiya ta gama magana. Abin da zan ƙara wa ɗanmu Bakano ɗaya ne. Ka nemi labarin Alhaji Umaru na Karachi. Mutumin garinku ne, a Kano aka haife shi, ya zauna Salaga, ya ƙare rayuwarsa a Kete Karachi a 1934. A ƙasar nan ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da Larabci, da ajami, ciki har da wadda ya yi kan zuwan Nasara da wadda ya yi kan talauci. Ka ga ke nan Hausar adabi ma ta yi gida a nan tun kafin a haifi kakanka. Gidan rediyon ƙasa kuma ya daɗe yana watsa shiri da Hausa tare da Akan da Ewe da Ga da Nzema da Dagbanci.

Bakano a Kumasi:
Hajiya, Malam, Allah ya huci zuciyarku, bakina ya yi kaifi. Ban san labarin Salaga haka ba, kuma Alhaji Umaru sunansa kawai na taɓa ji. Amma ku bar ni in faɗi abin da nake kewa, don shi ya sa na yi maganar. Hausa tana da hawa da sauka da ja, kuma a nan zaƙinta yake. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, murya ce ke raba su. Gari da ake zama da gari da ake tuƙawa, jan wasali ne. In maroƙi ya tsaya a ƙofar fada ranar hawan sallah yana kirari, algaita na bin sa, kowace ƙ tana fashewa kamar an fasa gyaɗa, wannan nake nema in ji a nan ban samu ba. Kewar gida ce ta yi min yawa.

Alhaji Direba:
To in dai kaifin Hausa kake nema, Kano ma sai ta bi layi. Ka biyo ni Galmi ka ji mutanen Adar da na Ƙonni. “Mi ya hwaru?” “Lahiya lau.” Suna magana kamar suna sara itace, kowace kalma da nauyinta. Su ma in sun ji ta Kano cewa suke ta yi laushi. Na zauna da masu loda albasa can, wani tsoho ya ba ni labarin fari da aka yi yana yaro, buhu na kan kafaɗarsa bai sauke ba har ya gama, ni kuma ban motsa ba.

Ɗan Sabon Zango:
Shi ke nan Malam Bakano, ya wuce. Ka zo Sabon Zango ranar Juma'a bayan an sauko, in kai ka wurin wasu dattawa. Akwai waɗanda har yanzu Hausarsu ba ta bar ƙ ko ɗaya a baya ba, musamman gidajen malamai. Ni kuma zaɓina Yarbanci ne, saboda kakata ta wajen uwa. Danginta da yawa sun koma Najeriya lokacin dokar korar baƙi ta 1969, ita ta zauna don aure. In kewa ta taso mata sai ta zauna bakin gado tana yi wa kanta oriki, kirarin gidansu. Muryarta na hawa mataki uku tana sauka, mu yara muna leƙe ta labule.

Nas Mai Dare:
Yanzu na sauko daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Ni ba zan zaɓi yare ba, zan ba ku abin da na gani da idona. An kawo mana wata tsohuwa daga arewa, jikinta ya yi nauyi, kwana biyu ba ta ce uffan ba. Mun yi mata Turanci, mun yi Tonanci, na gwada Hausa, ko kallonmu ba ta yi. Abinci ma ta ƙi. Dare na uku wata mai shara, 'yar wajen Yendi, tana wucewa da tsintsiya sai ta dubi fuskarta da sunan da ke jikin gado, ta rusuna ta ce mata “aniwula,” gaisuwar yamma. Tsohuwar nan ta buɗe ido, ta juyo da kai a hankali, ta ce “naa.” Muryar a dishe take, da ƙyar ta fito. Mai sharar ta ajiye tsintsiya ta zauna gefenta suna ta magana ƙasa ƙasa, daga baya ta karɓi kofin koko daga hannuna ta ba ta, ta sha rabi. Na sha jin mawaƙa da masu wa'azi, amma wannan “naa” ɗin guda ɗaya har yau tana kunnena.

Yarinyar Fadama, Ankara:
Anti Nas, tsohuwar ta warke?

Nas Mai Dare:
Ta samu sauƙi ƙanwata, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita gida bayan mako biyu. Kullum mai sharar sai ta biya ta wurinta kafin ta tashi aiki.

Maman Hafsat, Aboabo:
Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri. Jama'a, na karanta wa Hafsat duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar Hajiya ta “Allah shi ba ka haƙuri” sai ta tambaye ni ko haka kakarta ke magana. Na ce haka ne. Abin da ya dame ni shi ne da Tonanci ta yi min tambayar, domin shi ya fi zama a bakinta, Hausa sai in na matsa. Kuma ɗazu na je na tambayi Inna me take rera wa jikanta. Ta yi murmushi ta ce ba wani abu ba ne, sunayen shanun mahaifinta ne take jerawa, kowace nagge da launinta, shanun da ta rabu da su tun tana budurwa. Ta ce jikan ma ba ya jin Fulatanci sosai.

Malam na Asawase:
Hajiya, ki roƙi Inna ta yarda ki ɗauki muryarta a waya, ki ajiye wa jikan nan. Ke ma in mahaifiyarki na da rai ki yi haka. Ni kaset ɗin mahaifina na Abdul Basiɗ yana nan, amma muryar mahaifin nawa yana biya mana allo da daddare ba ni da ita ko ta minti ɗaya.

Maman Hafsat, Aboabo:
Tana da rai Malam, tana Sabon Zango wurin yayana. Gobe Asabar in Allah ya kai mu zan ɗauki Hafsat mu je mu wuni. Inna kuma ta ce sai bayan ta dawo daga tallan fura, kuma kada in sa ta a Facebook. Ɗan Sabon Zango, in ka tashi kai Bakano wurin dattawan nan ka biya da shi gidanmu ya gaida tsohuwa, ƙofa ta biyu ce bayan mai injin markaɗe.